Turakun Jirgin da Bai Zo Ba

Ranar da aka wayi gari turakun jirgin ƙasa sun ɓace daga layinmu, ni ne na ƙarshen sani, alhali ɗaya daga cikinsu a bakin ƙofata yake. Na fito sayen burodi, na ɗaga ƙafa na tsallake inda na saba tsallakewa, ban lura babu abin tsallakewar ba. Ni ne kuwa mai bin sawun unguwa. Mikiya ake ce mini, tun zamanin da nake bin saniyar sata har in iske ta a ɗaure a bayan gidan ɓarawo. Daga baya aka zuba kwalta, ɓarayi suka sayi babur, ni kuma na sayi tabarau. Sunan dai ya zauna, don mutanenmu ba sa ƙwace wa mutum suna, sai dai su riƙa faɗinsa suna murmushi.

Ga yadda turakun suka zo. Watannin baya wasu mutane masu hular kwano suka sauka da wata na'ura mai ƙafa uku, suka ce ana so a ja layin jirgi mai tsananin gudu tsakanin manyan biranen nan biyu da muke zaune a tsakiyarsu. Tafiyar da mota ke kwashe wuni tana yi, shi zai gama ta kafin hantsi ya dubi ludayi. Ba su ce za a gina ba. Sun ce bincike ake yi a ga ko zai yiwu. Sai dai binciken nasu yana da turaku na siminti masu jan kai, kowanne ya kusa gwiwa, kuma suka bi tsakiyar layinmu sambal: ta gaban shagon Tela, ta cikin benen da Magini bai gama ba, ta bakin ƙofarmu, daidai saitin ɗakin Inna. Aka ce kada wanda ya ƙara bulo ko ya haƙa rami sai an kammala. Jirgin kuma ba zai tsaya a garinmu ba. Wucewa kawai zai yi ta inda muke kwana.

Inna ita ce mahaifiyarmu. Idonta ya daɗe da rufewa, amma gidan nan a tafin ƙafarta yake. Ta san inda daɓe ya tsage, ta san inda igiyar shanya ke taɓa mata ɗankwali, takan je famfo ta dawo ba ta dafa kowa ba. Sau ɗaya muka kai ta gidan ƙanwarta don a gyara rufi. Ta hau gado ta ƙi sauka, ta ƙi abinci, sai da muka maido ta a kan dole aikin bai ƙare ba. Saboda haka babu wanda ya gaya mata ko turken mene ne. Da ta yi tuntuɓe da shi, muka ce na ma'aikatan ruwa ne.

*

Turakun ba sace su aka yi ba. An tumɓuke su, an cike ramukan, an kai su bayan gidaje an sake kafawa. Sabon layin ya lanƙwasa kamar baka, ya kauce wa duk gidajenmu, ya ratsa tsakiyar lambun dashen yayana, sannan ya koma ya haɗu da tsohon layi a can gaba.

Na iske Sajan a wurin, da mai unguwa, da Injiniyar kamfanin, wata mata doguwa mai alamar ba ta samun barci. An riga an kai maigadin kamfanin caji ofis, wani dattijo mai tari wanda aikinsa gadin kwantenar na'urori ne, ba turaku ba.

"Kayan gwamnati ne," in ji Sajan. "Maigadin yana hannunmu sai an kawo wanda ya yi. Mikiya, an ce kana gani har hanji. Bismilla."

"Yallaɓai, da an kira ni kafin unguwa ta zo kallo..."

Babu mahaluƙin da bai taka wurin ba. Har mai sayar da ƙanƙara ya ajiye kularsa a kan ramin farko.

"Abin ba shi da wuya," in ji Sajan. "Ka duba wa ya amfana. Duk wanda aka cire turke daga ƙofarsa ina zarginsa." Ya dube ni daga tabarau zuwa silifa. "Har da kai."

Na durƙusa a gindin wani turke, gwiwata ta yi ƙara har mai unguwa ya waiwayo. Ƙasar wurin da danshi, ga ba a yi ruwa ba. An kuma tattara ta ta kewaye turken kamar bakin kwano. Na nuna wa Sajan.

"Ruwa suka zuba don su shafe sawu," ya ce. "Tsohuwar dabara."

Na ce haka ne. Na daɗe da gane cewa mai kaki ya fi ni gani.

*

Abu ɗaya jama'a ba su iya tattakewa ba: sawun baro. Tayar tana da faci, duk juyi sai ta bar tambari kamar an danna babban yatsa a ƙasa. Na bi ta, ina sunkuye kamar mai neman allura, yara suna bina a baya suna kwaikwayona, har ƙofar Magini.

Yana zaune a kan benensa marar rufi, ƙafafu a reto, yana kallon rodin da ya fara tsatsa.

"Baronka ne," na ce.

"Barona ne. Ka taɓa ganinsa a hannuna? Jiya matar Tela ta kwashi shara da shi, shekaranjiya kai ka ɗauko buhun gawayi. A waje yake kwana, ba ya ma sallama in zai fita."

"Kai ka fi kowa asara in jirgin ya zo."

"In ya zo? Ai ni gara ya zo! A rushe in san na rasa. Yanzu fa? Ba a gina ba, ba a rushe ba, damina na cin rodina ina kallo." Ya tofar da yawu ƙasa, ya kusa samuna. "Ka je ka jijjiga turakun nan, Mikiya. Suna motsi?"

"Kaɗan."

"To, ka zage ni. Da ni na kafa su, siminti zan zuba, sai sun kawo katafila."

Gaskiyarsa. Mutumin da ya yi wa kajinsa akurki da rodi ba zai kafa turke da ƙasa zalla ba.

*

A kan sabon layin na tsinci guntun zare mai kauri, irin wanda ake ja don a daidaita abu. Na kai shagon Tela. A can ake yanke duk hukuncin duniya, kuma na iske ana kan na jirgi.

"Wutar da ba ta riƙe firjina ita za ta ja jirgi?" in ji mai kanti.

"Nasu layin daban za a ja musu."

"To su ja mana mu ma, mu ga yadda yake."

"Wa ma zai hau? Mai hali jirgin sama yake bi, marar hali yana bayan babbar mota tare da albasa."

Tela shi kaɗai ne ke son jirgin. 'Yarsa tana aure a ɗaya birnin, ya ce zai je ya ga jikansa ya dawo a yini ɗaya. Aka tuna masa jirgin ba ya tsayawa a nan. Ya ce zai hau mota zuwa wancan birnin, ya shiga jirgin, ya wuce ta kan shagonsa yana ɗaga mana hannu.

Na ajiye zaren a kan kekensa. Ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Da wannan zan ɗinka me? Tanti? Kuma ni da ciwon bayana, almakashi ya faɗi sai na kira yaro." Ya sauke murya, amma ba sosai ba, don kowa ya ji. "Mikiya, mu bar wasa. Ni ina da shago, Magini yana da kango. Kai kana da Inna. In da wanda ya isa ya tashi da asuba ya yi wannan hauka, a gidanku yake."

Na ce zan dawo karɓar wandona, na fita. Babu wandon da na kawo.

A gida matata ta ajiye mini abinci, ta tsaya a kaina.

"Baban yara, tsakaninka da Allah, kai ne?"

"Da ni ne ai da kin ji nishina tun daga turke na farko."

"Haka na ce musu," ta ce, kuma na ga kamar ta ɗan ji takaici.

*

Da yamma na tafi lambu don in jajanta wa Yaya. Shi ne kaɗai wanda ɓarnar ta faɗa wa, shi ya sa ko Sajan bai tuna da shi ba. Tun ina yaro yake rainon itatuwa a wurin nan yana sayarwa, mangwaro, lemo, gwaiba, duk a jere cikin baƙar leda. Yanzu jajayen kawunan turaku sun ratsa tsakiyar jerin, sun bi ta kan rijiyarsa.

Na iske shi a tsugune yana dasa wani ɗan lemo.

"Auta," ya ce, bai ɗago ba. Na haura hamsin, furfura ta cinye mini gemu, amma a bakinsa da na Inna ban wuce Auta ba. "An ce kana bin sawu."

"Ina zagaye dai. Sannu da wannan abu, Yaya. Duk wanda ya yi bai kyauta maka ba."

"Uhm."

Na tsaya ina kallon hannunsa. Ya saka dashen a rami, ya tura ƙasa, ya miƙe ya danna gefe da gefe da dunduniya. Ya sake tsugunawa, ya tattaro ƙasa da gefen tafinsa ya kewaye gindin kamar bakin kwano, don kada ruwa ya gudu. Sannan ya ɗauki garwa ya tsiyaya a hankali. Daga can gefe, zarensa mai kauri yana ɗaure tsakanin sanda biyu, yana nuna inda na gaba zai zauna.

Na cire tabarau na goge, na mayar. Abin bai sauya ba.

Ba don shafe sawu aka zuba ruwan nan ba. Mutum ne wanda hannunsa bai san yadda ake saka abu a ƙasa a tafi a bar shi da ƙishi ba. Ya kafa turken siminti, ya yi masa kwano, ya ba shi ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma na tabbata bai ma san ya yi ba.

"Inna ta ci abinci?" ya tambaya.

"Ta ci."

"To madalla. Miƙo mini ledar can."

Na ɗauko ta. A rayuwata na bi sawu zuwa gidaje da yawa, kuma kullum ina jin daɗin isa. Wannan karon na tsaya riƙe da ledar taki ina addu'ar a ce idon nawa ne ya ƙara lalacewa.

*

Washegari na sami Injiniya a bakin kwantenarsu tana shan shayi a murfin fulas.

"Ranki ya daɗe, tambaya gare ni. Tunda turakun sun riga sun koma can, me zai hana a bar su? Ina jin mai lambun ba zai yi ƙara ba."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ba ta tambaye ni yadda aka yi na san ran mai lambu ba.

"Baba, ka taɓa ɗaukar faranti cike da ruwa kana gudu, ka sha kwana?"

"Gudun ne ban cika yi ba."

"Jirgin nan, in zai matsa gefe da faɗin layinku kawai, sai ya fara karkata tun garinku bai bayyana ba, ya gama bayan ya ɓace. Kwanar da aka yi masa a lambun nan, ko jirgin kaya sai ya rage gudu. Wannan kifewa zai yi da mutanen ciki. In kuma aka ce ya riƙa rage gudu a kowane gari, to ya zama irin wanda muke da shi, babu dalilin gina shi."

"A karkata shi tun daga nesa mana."

"Sai ya faɗa kan asibitin garin gaba. Na gwada. Na gwada ta arewa, ƙasar fadama ce." Ta juye sauran shayin a ƙasa. "Turakun ma don idon mutane ne. Ainihin layin yana cikin na'ura. Ko a teku aka zuba su, gobe yarana za su maido kowanne inda yake."

"To zai zo ɗin?"

"Ban sani ba. Ni ƙasa nake aunawa. Wasu na ƙirga fasinja, wasu na duba wuta, wasu na neman wanda zai ɗauki nauyi. Ba wannan ne layi na farko da na kafa wa turaku ba, kuma har yau ban hau ko ɗaya ba."

Na so in ji haushinta, ban samu inda zan kama ba.

*

Sajan ya tara mu a ajin firamare, don a nan ne kawai ake da benci. Manya da furfura muka cusa gwiwoyi a ƙarƙashin teburan yara. Aka kawo maigadi ya zauna a gefe yana tari, ya rame a kwana biyun nan kamar an matse shi. Yaya yana can baya kusa da taga, hularsa a gwiwa.

Na tsaya a gaban allo. Na wanke Magini da maganar siminti, ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Na wanke Tela da bayansa. Na ce maigadi bai bar bakin kwantena ba, sawunsa bai wuce inda yake shimfiɗa tabarma ba. Daga nan na shiga bayanin tayar baro, da yadda ake yin faci, da bambancin facin da da na yanzu.

"Mikiya," in ji Sajan. "Ba Magini ba, ba Tela ba, ba maigadi ba. Saura wa?"

Maigadi ya yi tari mai tsawo. Na dube shi, na dubi taga.

"Ni ne, Yallaɓai."

Da a ce shiru aka yi, da na ji daɗi. Dariya aka fashe da ita. Magini har da dukan tebur.

"Kai? Buhun gawayi sai da ka huta sau nawa tsakanin kanti da gida?"

"A ba shi turke ɗaya ya ɗaga mu gani," in ji Tela. "In ya ɗaga, ni ma a rufe ni."

Sau ɗaya a rayuwata na yi niyyar yin abin jarumta, unguwa ta ƙi karɓa bisa hujja.

"Zauna, Auta."

Yaya ne ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Ka ga ruwan tun jiya, na ga ka gani. Yallaɓai, a saki bawan Allahn nan, bai san komai ba. Ni na ɗauki baro, ni na kwashe su." Ya juya wajen Injiniya. "'Yata, ban ɓata muku ko ɗaya ba, kina iya dubawa. Hanya kuke nema, na ba ku hanya. Lambun nawa ne, babu mai hannu a ciki. Ku bi ta kan rijiyar, ku sare abin da za ku sare, ba na neman komai. Tsohuwa ce a ɗakin can, ba ta gani. In aka fitar da ita daga gidan nan, ba za ta koyi wani ba."

Sajan ya dubi Injiniya.

Injiniya ta miƙe. Ta maimaita masa abin da ta gaya mini, a hankali, har da farantin ruwan. Yaya yana saurare yana gyaɗa kai, kamar yadda yake yi wa mai sayen dashe da ke koya masa dashe.

"Amma ko mota tana kauce wa rami," ya ce.

"Wannan ba ya kaucewa, Baba."

"Ko an ba shi wuri kyauta?"

"Ko an ba shi."

Ya juya hularsa a hannu. "To yaushe ne, mu san abin da za mu gaya mata?"

"Wataƙila shekaru. Wataƙila ba zai zo ba sam."

"Amma turken zai zauna."

"Zai zauna."

Ta gaya wa Sajan kamfani ba ya ƙara, tunda babu abin da ya fashe. Sajan ya so ya yi jawabi a kan kayan gwamnati, ya duba fuskokinmu, ya fasa. Aka saki maigadi. A bakin ƙofa Yaya ya riƙe hannunsa ya ba shi haƙuri, shi kuma ya ce ba komai, ya dai roƙi a ba shi dashen gwaiba ɗaya.

*

Kafin azahar ta washegari yaran Injiniya sun maido komai. Na'urar ta yi ƙara, suka buga guduma, kowane turke ya koma raminsa kamar bai taɓa yawo ba. Babu wanda ya ba su ruwa. A lambu sai ramuka suka rage a jere, kowanne da ɗan kwanonsa. Yaya bai cike su ba. Da na koma bayan mako, na iske ya saka lemo a ciki.

Da yammar ranar da aka maido turakun muna zaune a ƙofar gida ni da Yaya, sai ga Inna ta fito da sandarta. Ta dafa bango, ta sauko dakali, sandar ta daki siminti. Ta tsaya. Ta sunkuya ta shafa jan kan da tafinta.

"Ya dawo," ta ce.

"Ya dawo, Inna," in ji Yaya.

"Kwana biyun nan ina fitowa ina lalube, ban san inda ƙofa ta ƙare titi ya fara ba. Na riga na saba, daga shi sai in juya dama." Ta daddaɓa shi kamar kan jika. "Babba, kai ne mai magana da mutane. Ka gaya wa ma'aikatan ruwan nan su bar shi wuri ɗaya. Kada a sake matsar mini da shi."

Na dubi Yaya. Yana kallon hannuwansa.

"To, Inna," ya ce. "Ba mai sake matsar da shi."